Wayata a Injin Maccido

"Kar ka taɓa nan!" Na buge hannun Maccido da ƙotar sukundireba. "Kondensa ce. Ko an kashe wuta tana riƙe da tata a ciki."

"To, Injiniya," ya ce yana yarfe yatsu. "Ashe akwai wanda ya fi ka riƙo a unguwar ga."

Muna durƙushe a zaurensa, gaban injin iskar da yake ba tayoyi. Maccido mai faci ne, maƙwabcina a Ƙaura, katanga ɗaya ta raba mu shekara goma sha ɗaya. Ni gyaran rediyo nake yi. Ba wanda ya koya mini. Lalata kayan mutane na yi ta yi har na iya. Shi ya sa yake kirana Injiniya, ba don girmamawa ba.

Laraba ce cikin bazara, shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a. Gobe kasuwar Shinkafi, ranar da manyan motoci ke jeruwa a ƙofarsa, ga injin ya ƙi. In an kunna sai ya yi gurnani, bel ɗin ko motsi. Na sa tasta a soket, akwai wuta. Na duba fis, ya ƙone, na canza. Kondensa ta kumbura kamar cikin kwaɗo, na kawo wata daga mataccen injin ban ruwa na ɗaura. Injin ya tashi. Maccido ya fara yi mini kirari, bai kai ƙarshe ba injin ya mutu.

Na ƙwanƙwasa ɗan akwatin da ke kan tankin iskar, injin ya sake tashi, ya sake mutuwa. Akwatin nan shi ake kira otomatik, shi ke yanke wuta da kansa in tanki ya cika. Na buɗe shi. Haƙoransa sun ƙone ƙurmus. Na goge da sanfefa har yatsuna suka yi zafi, bai yi ba.

"Sai sabo," na ce. "Gusau, in ba a samu ba Kano."

"Gobe Alhamis, Malam Alhassan. Tsallake shi ka haɗa min kai tsaye. In ya cika ni kashe da hannu."

"In ka manta fa?"

"Shekara nawa ina kwana da abin ga? Numfashinai na sani."

Na ƙi sau biyu. A na uku na yanko jar waya, tsawon ɗan yatsa, na haɗa. Ina ɗaurewa idona ya kai kan bawul ɗin da ke fitar da iska in ta yi yawa. An naɗe shi tam da robar tsohon tib.

"Wannan fa?"

"Tsaki yaka yi min dare da rana. Na rufe mishi baki."

Dariya na yi. Wannan dariyar ita nake ta juyawa har yau. Na san injin yana da masu gadi biyu, na ga an ɗaure ɗaya, na kori ɗayan da hannuna, sannan na yi dariya na tattara kayana.

Washegari wajen ƙarfe ɗaya, yana cikin cika tanki aka ɗauke wuta. Bai kashe makunni ba. Injin da ya yi shiru da kansa wa zai tuna da shi? Aka kira azahar. A shekarar nan ana kiran salla kowa yake rufe wurin sana'arsa, 'yan agaji suna zagayawa suna cewa "Salla, salla." Muka tsallaka titi zuwa masallaci, muka tsaya sahu ɗaya, kafaɗarsa a jikin tawa.

A raka'a ta biyu aka dawo da wuta, fankar masallaci ta fara juyawa.

Na ji kafaɗarsa ta ƙage. Daga tsallaken titi gurnanin injin yana shigowa ta taga. Matarsa Azumi da 'yarsu Saliha suna cikin gida, bango ɗaya tsakaninsu da zauren. Na karanta, na sani sarai, ya halatta mutum ya yanke salla don ceton rai. Amma a watannin nan wa zai fita daga sahu jama'a na kallo? Na ce a raina saura raka'a biyu, tanki zai jure. Ina jin shi ma abin da ya ce ke nan. Liman ya yi ta jan tahiya. Ƙarar injin ta sauya, ta yi nauyi, kamar jaki a kan tudu.

Ana sallama ya tashi da gudu, ko takalmi bai tsaya ɗauka ba. Ya riga ya shige zauren, ni ina tsakiyar titi, na ji ƙarar fashewar tankin. Tattabarun unguwar duk suka tashi.

Ya kwana biyu a asibiti. Ƙanensa Jelani, magatakarda a wata kotu a Shinkafi, ya iso da biro a aljihun gaba, yana tambayar kowa, "Wa ya taɓa injin nan na ƙarshe?" Ina tsaye a gefe. Maccido ya aike shi ya samo ruwa, ya yafito ni.

"Injiniya," ya ce, muryar da ƙyar take fita. "Tai ka cire wayarka. Jelani ba shi barin zance."

"In ɓoye ke nan?"

"Ni na ce ka sa."

"Ni kuma na san abin da za ta yi."

Ya rufe ido, na zaci ya yi barci. Sai ya ce, "Kai dai komi sai ka mai da shi shari'a. Takalmana na masallaci, ka ɗauko min."

Ya rasu ranar Asabar da hantsi.

Ban je na cire wayar ba, ban kuma je wurin Jelani ba. Kwana uku ina kai da komo tsakanin ƙofata da tasa. In zauna gaban rediyon mutane, in tashi. In buɗe littafin fiƙihu a babin kisan kuskure, in rufe. Wanda ya haƙa rami a hanya wani ya faɗa, yana da laifi. To in mamacin ne ya ce a haƙa? In shi ya cire shingen? Wasiyyar mai mutuwa ake bi, ko gaskiya? Kowace amsa na kama sai ta zame.

Ranar huɗu, bayan masu gaisuwa sun ragu, na shiga zauren. Tankin ya buɗe kamar ɓawon gyaɗa. Na laluba akwatin otomatik, ban ma san ko cire wayar zan yi ko dubawa kawai ba. Babu ita.

"Malam, abin da kaka nema na nan."

Azumi ce, daga bayan labulen ƙofar cikin gida, tana takaba. Hannunta kawai na gani ya turo faifai. A kai ga jar wayata, ga kuma guntun baƙar roba.

"Ni na sa wayar nan," na ce. "Zan gaya wa Jelani."

"Na riga ka. Na nuna mishi duka biyu." Ta taɓa robar da yatsa. "Robar ga ni na yanko ta da wuƙata. Ni na dami baban Saliha, na ce tsakin ga na hana ni sakat. Na faɗa wa Jelani hakanan. Na ce kuma ya tambayi sahu guda na mutanen da sunka ji ƙarar injin ba wanda ya motsa."

"Me ya ce?"

"Ya daɗe riƙe da bironai. Ya ce bai san sunan wa zai fara rubutawa ba. Da safen ga ya koma Shinkafi."

Hannun ya sake fitowa, ya ɗauke robar, ya bar mini wayar.

Washegari na ɗauki azumin wata biyu, kaffarar kisan kuskure. Ban tambayi kowane malami ko ya wajaba a kaina ba, don ina tsoron a ce mini a'a. Ban gaya wa kowa ba sai iyalina. Takalman Maccido na ɗauko su daga ƙofar masallaci, na ajiye a zaurensa, gefen tankin.

A rana ta tara, ana kiran magariba, ina zaune jikin katangarmu da kofin ruwa a hannu. Ta ɗaya ɓangaren na ji an ajiye ƙwarya a ƙasa, na ji muryar Azumi a hankali tana addu'ar buɗe baki. Na jira har na ji ludayinta ya taɓa ƙwaryar, sannan na sha.