Gasayar Maƙabarta

Ni Kulu, shekarata sittin da ɗoriya a garin Babban Mutum, ban taɓa zaton zan nemi gasaya in rasa ba. Ganyen da a da ko akuya sai ta ƙoshi ta bar mana! Amma da surukata Hussaina ta sami ciki, duk abin da ta ci sai ya dawo, tana ta ramewa. Ta ce kwaɗon gasaya kaɗai ranta ke so. Kwana uku ina zaga gonaki, ko tsinke ban samu ba.

Laifin wa? Na mijinta mana, ɗana Mati. Shi ke goya tankin feshi yana bin gonakin mutane da maganin ciyawa. Gero ya yi kyau, ban musa ba, amma duk abin da ba shuka ba ya ƙone.

Rana ta huɗu na leƙa ta shingen maƙabarta, sai ga ta fal da fararen furanninta. Nan kaɗai ba a feshi. To, mu mata ba ma shiga, kuma wa zai ci ganyen kan kabari? Na tambayi liman, ya ce a bar ganyen, amma a ɗebi iri daga gefen da ba a binne kowa ba.

Na tasa Mati gaba. Ya yi sallama ya shiga, ni ina waje.

"Inna, wannan ce?"

"Kai, tafasa ce wannan! Mai ganye biyar kamar yatsu. Kana kashe abu ba ka ma san shi ba!"

Ya fito da iri cike da hula yana sosa ƙeya. Muka yafa a bayan ɗaki, shi da kansa ya kewaye wurin da ƙaya saboda kaji.

Bayan sati huɗu na tsinka, na dafa, na kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Hussaina ta ci, muka zuba mata ido. Bai dawo ba. Sai ta miƙo kwano tana neman ƙari. Wallahi daɗi ya kashe ni, har da guɗa.

Sauran irin na ƙulle a tsumma na damƙa mata.

"Adana shi, 'yar nan. Ran da aka kai ni can, cikin gasaya zan kwanta, amma ba zan iya miƙo miki ba."