Tafintan Maigari

Maikano na tsakiyar ɗaura wa jaki amalanke sai ga saƙon maigari, wai ya zo maza, baƙuwar da ta zo kan batun haƙa rijiya ta iso kuma tafintanta ya kwanta ciwo a Magarya. 'Yar Kenya ce, ba Hausa ba Faransanci. Mushen lakwal, wato malamin makaranta, ya gwada Faransancinsa, ta yi masa murmushi kawai.

Duk ƙauyen an san Maikano da Ingilishi, domin shi ya yi ta faɗa. Gaskiyar ita ce, Sharifu mai tsire na kasuwar Mallawa ya samo wani tsohon ƙamus daga Najeriya, yana yagowa daga baya yana naɗe nama. Kasuwa uku a jere Maikano ya faɗa kan harafin W, ya haddace shafukan tas har da maiƙonsu. Ya san sunan wata dabbar teku mai haure, ya san kabad ɗin tufafi, amma bai san i ba, bai san a'a ba.

Matarsa Hinda ta bi shi har zaure tana cewa, "Malam, kada ka kai mata dabbar nan. Ruwa za ka ce. Kafaɗata ta gaji da zuwa Yekuwa."

Gaban maigari Maikano ya fara da abin da ya zo bakinsa, wato kabad ɗin. Baƙuwa ta rubuta. Ya ƙara da kankana da ƙafar mota, ta rubuta su ma. Sai Hinda ta yi gyaran murya daga bayan zana.

"Water," in ji Maikano. "Well. Woman. Walk, walk, walk."

Ya nuna hanyar Yekuwa, ya nuna ƙafafun matarsa. Baƙuwa ta daina rubutu ta daɗe tana kallon ƙafafun. Maikano ya samu ƙarfin gwiwa ya jefa mata tambayar da kowa ke jira, yaushe. Ta yi bayani mai tsawo, bai tsinci ko ɗaya ba. Da ta ga haka ta rubuta masa kalma guda a takarda, mai farawa da M, ta shiga mota.

Maigari ya tambaye shi yaushe ta ce za a haƙa. Rana ɗaya tak Maikano ya sani a harshen, don haka ya ce Laraba. Mata suka rangaɗa guɗa.

Ya hau kabu-kabu zuwa Mallawa don ya duba kalmar a ƙamus, kunya na cinsa. Sharifu ya ce shi ba ya tsallake shafi, yanzu yana kan T, a dawo bayan girbi. Sai da Maikano ya haɗa shi da Allah ya bar shi ya leƙa tsakiyar littafin, bisa sharaɗin ba zai yaga ba. Ya bi da yatsa har ya samu kalmar. Ma'anarta ita ce wataƙila.

Da ya dawo ya tarar da Hinda ta wanke jarkoki ta jera su a ƙofar gida. Ta tambaye shi wace Larabar ce, wannan ko ta sama.

"Ba ta faɗa ba," in ji shi.

Ya ƙarasa ɗaura wa jakin amalanke, ya ɗora jarkokin, ya kama hanyar Yekuwa da kansa.