Kafin Motar Funtuwa Ta Cika

Malam Sada na Bakori ya san hanyar Ikko kamar yunwar cikinsa. Da ƙuruciya ya sha bin manyan motocin masara daga Funtuwa, a kwana a hanya bisa buhuna, in mota ta lalace a ƙara wani kwanan. Shi ya sa da 'yarsa Bushra, wadda aka tura bautar ƙasa can, ta ce masa jirgi daga Kano awa ɗaya da rabi yake yi, sai ya ja tsaki.

"Ba zai tsaya shan mai a Ilori ba? Matuƙin ba ya salla?"

Ya yi nasa lissafin bai gaya mata ba. Ya kira ƙanensa Mamuda, mai sayar da raguna a Ikko, ya ce ya tare ta a filin jirgi bayan magariba. Ya kuma sa uwarta ta soya zabi, ta haɗa da dakuwa, guzurin mai tafiyar nesa.

Da hantsi ya ga shigarta jirgi a Kano, ya wuce tasha ya zauna cikin motar Funtuwa. Saura mutum biyu, in ji ɗan kamasho. Ana nan ana jira har rana ta take, waya ta yi ƙara.

"Baba, mun sauka."

"A ina? Jirgin ne ya lalace?"

"A Ikko mana. Ina Baffa? Ban gan shi ba."

Malam Sada ya dubi kujerun nan biyu da har yanzu ba kowa. Yarinyar da ko Zariya ba ta taɓa kwana ba, ga ta ita kaɗai a garin da shi ma aka taɓa yanke masa aljihu.

"Zauna inda kike. Kada ki ba kowa jakarki, ko da ya yi miki Hausa."

Ya kira Mamuda.

"Yaya, kai ka ce magariba. Ga ni tsakiyar ciniki, ga cunkoson motoci."

"To jirgin ne bai ji magana ba. Tashi ka tafi."

Daga nan bai bar su sun huta ba, ya kira wannan ya kira waccan. Mota ta cika, suka wuce Gwarzo, Mamuda na kan gada ɗaya bai motsa ba. Wata tsohuwa a gefensa ta ce, "Malam, ka bar wa wayar nan numfashi."

Suna shiga Malumfashi ana kiran salla, Bushra ta kira.

"Baffa ya iso. Zabin ma na cinye ina jira."

Malam Sada ya sauke ajiyar zuciya, ya goge zufa da hularsa.

"Ba shi wayar. Mamuda, ƙarfe nawa yanzu?"

"Magariba, Yaya."

"To. Ku gaya mata, lissafina bai kuskure ba."