Zumar da Isa Ke Roƙo

...ga shi nan kuma, ya fara. "Balaraba... zuma. Ko lasa ɗaya."

Ko lasa ɗaya! Isa mahauci fa, mijinta, wanda da in ya yi gyaran murya a zaure sai ludayi ya suɓuce mata. Yau shi ne yashe kan tabarma, ƙashi da fata, tururuwa na layi inda ya yi fitsari. Ruwa, ruwa, ruwa... ko tabkin Madarunfa aka kawo masa sai ya shanye.

Likitan Maradi ya dafa cikinsa yana yi mata bayani. Wai wata 'yar tsoka ce kwance bayan tumbi, ita ke taya ciki narkar da kitse, ita ke hana sukari taruwa a jini. Ta mijinki ta gaji. Kada zaƙi ya shiga bakinsa, in kina son ya rayu.

In tana so...

Ai ta san tsokar nan. Wa ya kai ta sani? Fara-fara, laƙab-laƙab, ta akuya. Duk ranar kasuwa tsire na abokai, hanta ta dangi, ita kuwa sai ya jefo mata wannan cikin ganye: ungo rabonki. Har ranar da ta sauka, yaron bai zo da rai ba, tana kwance cikin jini... ita ɗin dai ya jefo. Mai haifar gawa me za ta yi da hanta? Da dariya ya faɗa, wallahi da dariya.

Ga kwalbar zumar a hannunta. Yayarsa Ladi ta kawo daga Gabi, har da harara: ke wace irin mace ce, mutum na roƙo kina hana shi? To, ta ba shi mana. Ya sha yau, ya sha gobe... ya yi barcin nan da likita ya ce ba a tashi. Wa zai zarge ta? Albarka ma za a sa mata.

Ya huta kenan. Shi, ya huta?

Ta rufe kwalbar gam. Likita ya hana, shi ke nan, ita mai bin umarni ce, mai jinyar miji...

To me ya sa ba ta ɓoye ta cikin rumbu? Me ya sa kullum sai kan katanga, daidai inda idonsa ke kaiwa, hannunsa ba ya kaiwa?

"Balaraba..."

Ta gyara zama. Ashe sauraro take yi... so take ya ƙara faɗa.