Noman da Maharazu Ya Koyo

Kafin a ɗaure shi, Maharazu in ya kama kunya a gona ba ya ɗagowa sai ya ga ƙarshenta. Duk Maska an shaide shi da wannan. Son gonar ne ma ya kai shi gidan yari, don a kan rigimar iyaka ya fasa wa maƙwabcinsa kai, shekarar da aka daina fam da sule.

Ranar farko a gonar gidan yari ya yi noma irin na gida, ya baro sauran fursunoni can baya. Kofur Ayinde, gandiroban da ke tsaronsu, ya yaba masa, sannan ya ƙara wa kowa aiki. Da aka koma ciki, wani tsohon fursuna mai suna Buba ya ja shi gefe.

"Kai ɗan'uwa, dawar nan ta ubanka ce? Ko ka yi sauri ko ka yi sanyi, kwanon gabzar da ake ba ka ɗaya ne, kuma ba a rage maka kwana. In gandiroba na kallo, ɗaga garma. In ya ba da baya, huta."

Bai ji magana ba, sai da ya ji duka a hannun 'yan'uwansa fursunoni. Daga nan ya koya, kuma abin takaici, ya ƙware. Shekaru suka shuɗe yana noma idonsa na kan ƙeyar gandiroba.

Da ya fito, ya tarar gonar mahaifinsa na hannun baffansa Maitama. Tsohon bai ce a'a ba, bai kuma ce ungo ba.

"An ce ana gyara mutum a can," in ji shi. "Jibi ina da gayya, ka zo in ga hannunka. In da sauran noma a jikinka, gona taka ce. In babu, ba zan bar wa ciyawa ƙasar yayana ba."

Ranar gayya samari suka jeru, ganga ta ɗauka. Baffa ya tsaya a bakin gona yana kallo, Maharazu kuwa ya duƙa yana kifa ƙasa, har makaɗi ya tuno tsohon kirarinsa. Ya ji wani daɗi da ya daɗe bai ji ba.

Can sai ga Gwaggo Hajjo, matar Baffa, da mata ɗauke da kunu. Baffa ya juya don ya nuna musu inuwa.

Hannun Maharazu ya tsaya. Wallahi ba shi ya ce ya tsaya ba, kuma ba gajiya ya yi ba. Sai dai kawai ya tsinci kansa jingine da ƙotar garma, ya ƙura wa ƙeyar tsohon ido. Samari suka wuce shi. Matan suka yi shiru suna dubansa, shirun nan ne ya sa Baffa ya waiwayo.

Nan take garma ta tashi sama. Da ma a ce bai ɗaga ba, da sai a ce numfashi yake mayarwa. Saurin nan shi ya tona shi.

Baffa ya taka a hankali har inda yake. Babu faɗa a muryarsa, sai gajiya.

"Bari haka, Maharazu. Ni na tsufa, ba zan iya tsaya maka a ka kullum ba. Ajiye, je ka sha kunu."

Maharazu ya ajiye garmar. Ya je gindin ɗorawa inda samari ke wawar ludayi, ya tsuguna a gefe, yana jiran a ce masa ya ɗauka.