Allurar Sajan

Tun ranar da Baba ya zame a banɗaki, ya yi rabin yini a kwance ba wanda ya sani, na ƙudura sai na ɗauke shi ya koma wurina, a ƙasar da nake aiki. Ya yi ta noƙe-noƙe, daga ƙarshe ya kafa sharaɗi guda: ƙafarsa ƙafar Sajan.

Sajan karensa ne, wani ja mai ƙaton kai, wanda duk gadinsa bai wuce yi wa labule haushi ba idan iska ta kaɗa shi. Ɓera kuwa in ya gitta, ƙarƙashin kujerar Baba yake shigewa.

Na nemo ƙa'idojin shiga da kare, na rubuta wa Baba da manyan baƙaƙe. A fara sa masa wata 'yar ƙwaya mai lamba a ƙarƙashin fatar wuya, sannan a yi masa allurar rigakafin haukan kare. Bayan wata guda a ɗebi jininsa a auna, sai a jira wata uku. Duk sanda na bugo waya sai Baba ya ce, "An yi, Uwata, kwantar da hankalinki." Har hoton takardun ya turo mini, hatimi kan hatimi, gwanin sha'awa.

Ranar tafiya da kaina na zo na ɗauke su. A filin jirgi aka tura mu ofishin duba dabbobi, wani ɗan ɗaki mai teburin ƙarfe da fanka mai kukan tsufa. Jami'in ya karanta takardun yana gyaɗa kai, ya ɗauko na'urar karanta lamba ya shafa a wuyan Sajan. Shiru. Ya shafa kafaɗa, ya bi gadon baya har wutsiya. Sajan ya ɗauka susa ce, ya baje a kan tebur ya ɗaga ƙafafu huɗu sama. Mutumin ya canza batir, ya gwada a jikin kyanwar wata mata da ke bayanmu, nan take na'urar ta yi ƙara.

"Baba," in ji jami'in, "anya wannan karen aka kai wa likita?"

Baba ya sosa ƙeya. "To, ɗana, kusan shi ne."

"Kusan?" Ni na faɗa, da muryar da ta sa kyanwar zabura.

"Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da karen Tela maƙwabcina. Rana ɗaya aka haife su. Shi Sajan da ya ga allurar sai ya saki fitsari yana kallona. Ke da kin ga idonsa! Na Tela kuwa ko gezau ba ya yi, sai na riƙa aro shi. Ai jini ɗaya ne, abin da aka gani a jikin wancan shi ne a jikin wannan."

Jami'in ya cire gilashi ya kifa kai a kan tebur, kafaɗunsa na rawa don dariya. Da ya ɗago sai ya ce, "Baba, karen Tela ya cika sharaɗi tsaf, yau ma yana iya tafiya. Wannan kuwa ko ƙofar can ba zai wuce ba. Sai a faro daga farko, wata huɗu ke nan."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na roƙi Baba mu tafi, Tela ya riƙe Sajan a turo shi daga baya. Ya rungume kejin Sajan ya ce ko da wasa. Muna cikin wannan ja-in-ja jirgin ya tashi ya bar mu.

A tasin komawa gida na juya masa ƙeya. Shi kuwa ya sauke gilashi yana ɗaga wa mai faci hannu, yana gaida mai wanki, kamar wanda ya dawo daga tafiyar shekara. Da muka iso, na riga shi zuwa but ɗin motar na fizgo babban akwatinsa da duk ƙarfina, saura kaɗan in faɗi da baya. Ba nauyi ko kaɗan. Na zuge shi a bakin ƙofa: tawul ɗaya ne a ciki, sai kwanon Sajan.

"Baba, ina kayanka?"

"Suna cikin durowa, inda suke."

Ya tsaya yana juya makulli a hannu, ya kasa haɗa ido da ni.

"Na yi ta neman bakin da zan ce miki ba zan iya barin gidan nan ba, Uwata. To, kullum kika bugo sai ki ce kin gyara mini ɗaki, har da kujera kusa da taga."

Na buɗe baki in yi faɗan da na taro tun daga filin jirgi, sai kuka ya riga shi fitowa.