Boyin Di'o a Gaban Surukarsa

Shu'ibu ya haura hamsin, gemunsa ya yi fari fat, amma a gidan Di'o, Baturen mulki na Haɗeja, sunansa "boyi". Ya san ma'anar kalmar sarai: yaro, ɗan aike, wanda ake ƙwala wa kira ba sallama. Yakan haɗiye, tunda a Guri, garin matarsa Barira, abin da aka sani shi ne Malam Shu'ibu na hannun daman Bature ne. Wa ya kai musu wannan labari? Shi da bakinsa mana.

Wata damina ruwa ya cika fadama, Di'o ya ce za shi rangadi Guri a kwalekwale. Tun daga Haɗeja Shu'ibu ke fargaba, kuma ba ruwan yake tsoro ba. Surukarsa Gumsu yake tsoro.

Suna sauka kuwa, ga ta a bakin gaɓa tana shanya kifi, mata kewaye da ita. Ya tuɓe takalmi, ya tsuguna daga nesa, ya sunkuyar da kai. Gaisuwar suruka ba a katse ta, sai ita ta sallame ka.

"Lale, Malam. Ya hanya? Ya Barira?"

"Lafiya lau, Iya."

"Boyi!"

Di'o ne daga gindin tsamiya, saurayin da ko gemu bai tsayar ba, shayi yake nema. Shu'ibu ya yi kamar wani ake kira can a garin Auyo.

Gumsu ta ci gaba: "Ya akuyar nan mai tari?"

"Ta warke, Iya."

"Shu'ibu! Boyi!"

Wata mata ta tambayi tafinta me Baturen ke cewa. Tafintan nan, Allah ya shirye shi, bai rage komai ba: "Yaronsa yake kira, mai wanke masa safa."

Zufa ta keto wa Shu'ibu, kunyar da bai taɓa ji ba ta danne shi.

Gumsu ta daɗe tana kallon Baturen, wanda ya yi jawur yana buga ƙafa.

"Uwarsa tana ƙasar nan?"

"A'a, Iya, tana ƙetaren teku."

"Allah sarki, shi ya sa." Ta zaɓi kifin da ya fi girma, ta turo masa. "Tashi, Malam, je ka lallashe shi da wannan. Ashe reno kake yi, ba ka gaya mana ba. Allah ya ba ka lada."

Matan suka ce amin. Shu'ibu ya ɗauki kifin da hannu biyu, idonsa ya cika da ƙwalla.